Kek ɗin famfas: abin da ya kamata ku sani kafin ku saya ko ku kama sana'ar

Kek ɗin famfas ba na ci ba ne. Famfas ɗin jarirai ne ake naɗewa ɗaya bayan ɗaya, a jera su a zagaye, a ɗora hawa kan hawa har su tashi da siffar kek ɗin biki. Sai a ɗaure da ribon, a maƙala safa da hula da sabulu da sauran ƙananan kayan jariri, a lulluɓe da leda mai shara-shara, a kai wa mai jego. In an gama kallo da ɗaukar hoto, sai a kwance a yi amfani da kayan.

Abin ya fi tashe a Amurka da Ingila, inda ƙawaye kan shirya wa mai ciki walima tun kafin ta haihu, kowa ta zo da kyautarta. Ba tsohuwar al'ada ba ce ko a can, domin famfas ɗin da ake amfani da shi sau ɗaya a yar bai yaɗu ba sai bayan da kamfanin Procter & Gamble ya fito da Pampers a 1961. Daga baya Jamusawa da mutanen Japan suka rungumi kek ɗin famfas. A Najeriya, masu sayar da kayan jarirai na Legas da Abuja ne suka cika shafukan Instagram da hotunansa, kuma duk mai waya a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, a Jihar Katsina, tana iya ganin hoton ta ce ita ma za ta gwada.

Za ta iya, domin aikin ba shi da wuya. Wuyar tana wajen sanin wanda zai saya, da ranar da zai saya, da abin da yake so ya tarar in an kwance ledar.

A ƙasar Hausa ba a yi wa ciki walima. Mai cikin fari ma ɓoyonsa take yi har sai ya ƙi ɓoyuwa, kuma yawancin gidaje ba sa son a yi ta baje kolin kayan jaririn da bai iso duniya ba. Saboda haka gurbin wannan kyauta a wurinmu shi ne kwana bakwan nan da ke tsakanin haihuwa da suna: ranakun barka, da yinin sunan kansa, lokacin da ɗakin mai jego ke cika da mata ana shigo da turamen atamfa da sabulai da omo da kayan sawa. Wadda ta makara tana da sauran dama kafin a yi arba'in, amma armashin ya ragu.

Haihuwa kam akwai ta. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda ke mazaɓar tarayya ɗaya, suna da mutum sama da dubu 570 in an haɗa su, kuma shekarun da suka biyo baya ƙaruwa aka yi. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya sa Jihar Katsina a kan gaba a duk Najeriya wajen haihuwa: a matsakaicin lissafi, 'ya'ya 7.3 ga kowace mace, alhali a Legas 3.4 ne. Sai dai yawan suna ba shi ne yawan masu saye ba. Mafi yawan mutanen yankin manoma ne da kuɗi ke shigo musu da kaka, in an sayar da masara da dawa da waken soya, kuma shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga sun cinye tattalin gidaje da dama. Matar da ke lissafin kuɗin cefane ba za ta biya kuɗin ribon ba. Masu sayen su ne ma'aikatan asibiti da malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma da ke yin karo-karo in abokiyar aikinsu ta haihu, da ƙawayen da suka yi wa amarya anko bara, bana kuma ta sauka, da 'yan uwa mazauna Kano ko Kaduna ko Abuja da ba za su samu zuwa suna ba amma suna so a ga hannunsu. Haihuwar fari ita ce babbar kasuwa, musamman in yarinya ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, dangin miji kuma suna son kayan barkarsu su shiga gidan surukai da kwarjini.

Biki ba ya son abin da ba ya ƙirguwa

Akwai abin da duk mai son wannan sana'a ya kamata ta riƙe, kuma ba za ta same shi a bidiyon Turawa ba. Kyautar suna a wurin matan Hausawa biki ce: abin da kika kai wa wata, ana sane da shi, wani lokaci har a rubuta a littafi, domin ranar da naki ya tashi a mayar miki, sau da yawa da ƙari. Tsohon tsari ne. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a Giwa, nan maƙwabta a Jihar Kaduna, aka buga a 1954, cike yake da labarin yadda ƙawaye ke musayar kaya a aure da suna.

Turmin atamfa kowa ta san kuɗinsa. Sandar sabulu ma haka. Amma in aka ajiye wa mai jego wani dogon abu da aka sha masa ribon, abin da uwarta ko yayarta za ta fara tambaya bayan baƙi sun watse shi ne, nawa ne a ciki? In suka kwance suka tarar da famfas ashirin da tulin kwali, an ji kunya, kuma kunyar ta mai kawowa ce kafin ta zama ta mai haɗawa. A ganina nan ne sana'ar ke tsayuwa ko ta faɗi a wannan yanki. Kayan ciki su fi ado nauyi, kuma a maƙala ɗan kati da ya faɗi abin da ke ciki dalla-dalla: famfas guda kaza, na kamfani kaza, lamba kaza, tawul ɗaya, sabulu uku. Katin yana sauƙaƙa wa mai jego lissafin bikinta, yana kuma wanke mai sana'a daga zargi.

Yadda ake haɗa shi

Ana farawa da gindi. A wasu ƙasashe kwali mai kauri ake yankawa a zagaye a lulluɓe da takarda mai ƙyalli. A nan ya fi kyau a sa babban tire ko faranti, ko ma ƙaramin bahon wankan jariri, domin shi kansa kaya ne, ba za a yar ba. Sai ginshiƙi a tsakiya da zai riƙe hawa-hawan kada su zame. Ana iya naɗe tawul tamau a tsayar, ko a sa doguwar robar man shafawa. Wanda ya fi burge ni shi ne fulas ɗin ruwan zafi, don babu ɗakin jegon da ba a neman ruwan zafi dare da rana.

Kowane famfas a naɗe shi daga bakin ƙugu zuwa ƙasa, cikinsa na ciki, yadda wurin da zai taɓa jikin jariri ba zai sha hannu ko ƙura ba, a riƙe shi da ƙaramin kyauro. Sai a tsaitsayar da su kewaye da ginshiƙin. In ginshiƙin bai fi kaurin naɗin famfas ɗaya ba, lissafin a bayyane yake: zagayen farko yana cin 6, na biyu 12, na uku 18. Hawan ƙasa mai zagaye uku zai ci 36 ke nan, na tsakiya mai zagaye biyu 18, na sama 6, jimla 60. In fulas ne a tsakiya, zagayen farko zai fi haka ci, sai ki gwada ki rubuta adadin don gaba. Kowane zagaye a ɗaure shi da babban kyauro ko zare mai ƙwari, ribon kuma ya zo daga waje ya rufe ɗaurin.

Akwai wata hanyar da ba a naɗewa. Ana samun tukunya ko kwano mai zagaye, a jera famfas ɗin a kan gefensu, kowane ya ɗan hau bayan ɗan uwansa, har da'irar ta cika, a ɗaure, a zare kwanon. Ta fi sauri, famfas ɗin bai sha murza ba, mai jego kuma ba ta da aikin kwance kyauro sittin.

Daga nan sai abin da zai sa kek ɗin ya zama namu. Maimakon faffaɗan ribon, a ninke zanen goyo a naɗe hawan ƙasa da shi, majanyi ya ɗaure na tsakiya, shawul ko 'yar riga ta rufe na sama. Mai ƙarfi tana iya cewa a sa mata turmin atamfa na mai jego a ƙasa, a ɗora komai a kai. Wannan ba ƙarin ado ba ne kawai. Kayan barkan da babu rabon mai jego a ciki, a idon tsofaffi, bai cika ba.

Sai maganar lamba. Lamba 1 ta sabon haihuwa ce, kilo 2 zuwa 5. Lamba 2 kilo 3 zuwa 6. Lamba 3 kilo 4 zuwa 9, da ɗan bambanci tsakanin kamfanoni. Kuskuren masu farawa shi ne cika kek da lamba 1. Jariri kan fita daga cikinta da wuri, kuma maigida ya riga ya sayo ta tun ranar haihuwa. A fi yawaita lamba 2 da 3. A kuma sani cewa sabon jariri, in ana canja masa yadda ya kamata, yana cin famfas 8 zuwa 10 a yini, wato kek mai guda 60 bai wuce na mako guda ba.

Wannan lissafin ne ya sa ba kowane gida ya dace da kek ɗin famfas zalla ba. A ƙauyuka, har ma da cikin gari, gidaje da yawa nafkin na wanki suke amfani da shi, famfas sai za a je asibiti ko unguwa. In irin wannan gida za a kai wa, a haɗa kek ɗin da dozin ɗin nafkin da ƙananan tawul da wandon roba da sabulun wanki, a sa famfas kaɗan a hawan sama. Nafkin yana naɗuwa tsaf, kuma zai yi watanni yana aiki, wataƙila har ƙanen jaririn ya gada.

Abin da bai kamata ya shiga ciki ba

Wannan kaya jikin ɗan kwana bakwai zai taɓa, don haka tsafta ba zaɓi ba ce. A wanke hannu da sabulu, a shimfiɗa zane mai tsafta, a yi aikin a ɗaki, ba a tsakar gida ba inda kaji da hayaƙin murhu suke. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, da damina kuma laima, domin a cikin famfas akwai wani gari mai tsotse ruwa, yana kuma jan danshin iska in an bar shi a buɗe. Ana gamawa a rufe da leda. Kada gam ko salatif ya taɓa famfas ɗin kansa, kada a soka masa fil ko allura; huda ɗaya ta isa ya riƙa yoyo, fil ɗin da aka manta kuwa ba sai an faɗi abin da zai yi ba. A gaya wa mai karɓa ta tattara kyauro da leda da ƙananan duwatsun ado ta kawar, saboda yayyen jariri masu rarrafe da sa komai a baki.

Mata suna son kaya su yi ƙamshi, sai hannu ya tafi ga turaren wuta ko humra. A bar su a kan zanen mai jego, ban da kayan jariri, don fatarsa ba ta jure su. Wanda ya fi haɗari shi ne kafur, ƙwallayen nan farare da ake jefawa cikin akwati saboda kyankyasai. Akwai jarirai da yawa a Najeriya, musamman maza, da aka haifa da wani rauni na gado a ƙwayoyin jininsu, wanda shaƙar kafur ko sa tufafin da ya kwana da shi kan fasa jinin, ya jawo shawara mai tsanani har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ba a gane mai wannan rauni da ido. Kada a ajiye kayan sana'a a akwatin da kafur ya taɓa zama.

Hoda ma a yi hattara. Kamfanin Johnson & Johnson da kansa ya daina sayar da tsohuwar hodarsa ta farin dutse a duk duniya a 2023, ya koma ta garin masara, kuma likitocin yara ba sa son ko wace iri ce ta tashi kusa da hancin jariri. Fida da madarar gwangwani suna da kyau a hoto, amma saƙon da suke kaiwa ya saɓa wa abin da ake faɗa wa mata a wurin awo: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla har wata shida, dokar Najeriya kuma ta hana tallata madarar jarirai, hukumar NAFDAC ce ke sa ido. Zuma ba a ba yaron da bai shekara ba. Magani kowane iri ne a bar wa ma'aikatan lafiya, har da na cibiya da ake kira kuloheksidin, wanda yake da amfani ƙwarai a inda aka yi shi domin sa, amma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi bayan an samu jarirai a ƙasashen Afirka da aka zuba musu shi a ido bisa kuskure, wasu suka makance. In ana son ƙara abu mai amfani, ga gidan sauro, ga basilin, ga sabulu mara ƙarfin ƙamshi, kuma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin duk abin shafawa.

Sari, farashi da kai kaya

Funtuwa ce wurin sari mafi kusa ga mai zaune a Faskari ko Sabuwa. Ta Ƙanƙara tana da Malumfashi ma. Mai jari da ɗan kauri takan aika Kano, a sayo mata famfas da sabulai a kasuwar Singa ko Sabon Gari, atamfa da zannuwan goyo a Kantin Kwari. Farashi ba ya zama wuri ɗaya tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi. A Disambar wannan shekarar Procter & Gamble ya sanar da daina yin kaya a Najeriya, sai dai ya shigo da su daga waje, a 2024 kuma Kimberly-Clark mai Huggies ya sanar da rufe masana'antarsa ta Ikorodu a Legas. Molfix, na kamfanin Hayat na Turkiyya, a Agbara ta Jihar Ogun ake yin sa, kuma shi ne wanda ba a cika rasawa a shaguna ba. Za ki ga ana sayar da famfas na buhu, tsirara, babu suna babu kwanan wata, da araha mai jan hankali. Da zarar an naɗe shi ba mai bambance shi da na kirki, shi ya sa jarabawar take da ƙarfi. Amma in ƙuraje suka feso wa jariri, gari ƙarami ne, kowa ya san hannun da ya haɗa.

Wajen yanke farashi, a rubuta komai: famfas, kayan ciki, tire, ribon, leda, kyauro, kati, kuɗin mota zuwa sari, kuɗin data. Sannan a ɗora ladan aiki, wanda mata da yawa ke jin nauyin sakawa, su wayi gari suna yi wa mutane aikin banza. A ce, misali, kaya sun ci naira 20,000. In kika sayar 22,000, kuɗin acaɓa da kiran waya sun cinye ribar. In kika ce 35,000, mai saye za ta lissafa ta ga gara ta zuba kayan a leda ta kai da kanta. Wurin tsayawa yana tsakani, kuma kasuwar garinku ce za ta nuna miki shi. Hanya mafi sauƙi ga mai ƙaramin jari ita ce mai so ta kawo kayanta, ke ki karɓi kuɗin haɗawa da na ado kawai, kamar yadda ake kai wa tela yadi.

Kada a haɗa a ajiye ana jiran mai saye. Famfas ɗin da aka fitar daga ledarsa ba ya son dogon zama, kuma kowace mai saye da launin da take so da ƙarfin aljihunta. Ki haɗa guda biyu ko uku, ƙarami da matsakaici da babba, ki ɗauke su hoto da hasken rana, ki kwance. Da hotunan za ki yi talla a WhatsApp da Facebook. In an yi oda, a ba da kafin alƙalami da zai ishi sayen kaya, aƙalla rabi, domin sana'ar da ake yi tsakanin dangi da ƙawaye bashi ne ke kashe ta: "Yaya, haɗa min, in an yi albashi zan turo." Lokaci kuma ƙurarre ne. Wanda aka haifa Talata, Talata mai zuwa ne suna, odar kuwa takan zo ne bayan kwana uku ko huɗu, saboda haka ribon da leda da kyauro su kasance a gida kullum.

Kada kuma a jingina ga waya kaɗai. Mutanen yankin ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda tsaro, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Funtuwa, aka yi watanni ba kira ba intanet. Ungozoma, da ma'aikaciyar ɗakin haihuwa, da mai kitso, da mai lalle, da dillaliyar da ke shiga gida-gida, su ne ke fara jin wadda ta sauka da wadda ke shirin zuwa barka. Kek ɗaya da aka ajiye a ɗakin suna mai cike da mata, da lambar waya a jikin katinsa, ya fi hoto ɗari aiki.

Mai son ta faɗaɗa tana iya yin rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, ta kuma leƙa hukumomin bunƙasa ƙananan sana'o'i, wato SMEDAN ko KASEDA, wadda gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta Jihar Katsina ta kafa bayan hawansa a 2023. Amma wannan sai an ga ciniki ya kankama.

Saura kai kaya, inda wahalar kwana biyu kan lalace cikin rabin awa. Kek mai hawa uku ba ya son bayan acaɓa, ba ya son but ɗin mota tare da buhunan masara. A cikin gari, a sa shi a kwali mai tsayi, a cusa takarda ko tsumma mai tsafta a gefe, wani ya riƙe a cinya. In kuwa daga Funtuwa za a kai Sheme ko 'Yankara ta hanyar Gusau, ko Sabuwa ta Ɗandume, ko wani ƙauyen Ƙanƙara da motar haya ba ta shiga kullum, a ɗaure kowane hawa daban a ledarsa, a jera su a kwance cikin kwali, a aika da safe ta hannun direban da aka sani, a kuma tambayi halin da hanya take ciki kafin a tashi. Wadda za ta karɓa sai a tura mata hoton yadda zai tsaya, ta ɗora hawa uku a kan ginshiƙi, ta ɗaura ribon na ƙarshe a can gidan sunan.